Babban Yatsa

A kasuwar Pitowa, ranar Lahadi,
ina auna dawa da mudun Baba Tanko.
Shi ma nan ya zauna, gindin darbejiyar nan,
babban yatsansa kwance cikin mudu
yana cin gurbin hatsi kamar gara.
Shekara talatin, ba wanda ya gani
sai Wanda ba ya gyangyaɗi.

Yatsan nan ni na gada.
Faɗi ɗaya, lanƙwasa ɗaya,
har farcen da ke tsagewa in sanyi ya shigo.
Ba a koya mini ba.
Dubawa na yi na same shi ciki,
yadda kaza ke samun akurki da magariba.

Hurera ƙanwata, mai karatun jinya a Garwa,
ta ce akwai rubutu cikin jini,
ƙanana ƙwarai, ido bai kai ba.
Wai kafin ka ce "na yi niyya"
ƙwaƙwalwa ta riga ta aiki hannu;
kai ɗan rakiya ne,
mai dangwale a takardar da aka gama.
Na ce, to wa za a tuhuma?
Ta ci gaba da ɓare gyaɗa.

Sai ga Gwaggo Astajam daga gindin Tingilin,
yana ta rufe mata ido biyu.
Ta kwance sefa daga bakin zane,
ta ce, "Mudu uku, ɗana. Idona na hannunka."

Yatsa ya shiga. Na ji sanyin ƙarfe.
Na ja shi,
nauyinsa kamar kwalekwale a laka
bayan Binuwai ta janye.
Dawa ta gangara ta cike gurbin.
Abin bai kai cin tantabara ba,
amma rigata ta jiƙe.

Da na ba Hurera labari, ta yi dariya:
"Wannan jinin Inna ne,
wadda ta taka har Gashiga don mayar da allura."
Mai yiwuwa.
To, in jini biyu ke kokawa a jikina,
wane ne ya tsaya tsakani yana gumi?

Lahadin da ta biyo,
sau biyar na zare shi, sau biyu na bar shi.
Ba na yi wa kaina kirari.
Sai dai yatsa ba ya ƙirga.
Ni ke ƙirgawa, cikin dare,
bayan na kife mudu.