Muryar Inna Tsahara

Jika uku na ware daga kuɗin wata,
na naɗe su a takardar magani.
Ran Lahadi, kasuwar Tawa ta cika,
na ratsa masu albasa, na wuce masu tabarmi,
har teburin Arzika mai kayan salula.

Ekuter ne rataye reras
kamar hanjin layya a kan igiya.
Ya ce, "Hajiya, ga sabon shigowa, marar waya,
in ganga ta buga, har haƙori sai ya amsa."
Na ce, ba ganga na zo nema ba.

Waƙa ɗaya gare ni a salula,
minti biyu da 'yan kai.
Ƙanena ya ɗauke ta a Kalfu
shekara guda kafin a rufe mai ita.
Inna Tsahara ce tana daka, tana rerawa,
ba makaɗi, ba 'yan amshi,
sai turmi, sai akuyar maƙwabta.

Na sa na farko.
Taɓarya ta zama aradu,
turmi ya haɗiye Inna ɗungurungum,
ina jin ta can ƙasa
kamar mai kira daga cikin rijiya.

Na biyu ja ne, yana walƙiya.
Ya fito da ita, amma ya sa ta a gwangwani.
Giɓin haƙorinta da ke ɗan fito in ta ja baiti
ya koma allura yana tsire mini kunne.
Inna ba ta taɓa yi mini tsawa ba,
ba zan biya kuɗi a koya mata ba.

Na uku, daga cikin gilashi ya ciro shi,
ya goge da bakin riga.
Wayyo.
Ga ta zaune kusa da ni, har warin hayaƙin zanenta.
Na ce nawa? Ya ce jika goma sha biyu.
Na cire shi da sauri
kada kunne ya saba da abin da aljihu bai sani ba.

Na juya zan tafi, ya ce dakata.
Ya tona wani kwali a ƙarƙashin tebur,
ya zaro wani baƙi, mai waya, ba ko kwalinsa,
soson kunnen hagu ya ɓace.
"Samari ba sa son shi, wai ba ya da ƙarfi."

Ba ya da ƙarfi, gaskiya ne.
Turmi ya koma turmi, ya ja gefe da ladabi,
akuya ta koma bayan darni,
murya ta zo tsakiyar kai ta zauna.
Na ji inda take jan numfashi,
na ji inda baiti ya kuɓuce mata ta yi 'yar dariya.

Arzika ya ce, "Ara mini kunne ɗaya."
Muka tsaya, waya guda tsakaninmu,
masu amalanke suna ta a ba su hanya.
Ya daɗe bai ce komai ba.
Sannan ya ce, "Haka tsohuwata ke jan wannan wurin."
Jika biyu da rabi, bai rage ko dala ba,
amma ya cire soso daga jikin jan nan
ya sa mini kyauta.

Da dare wuta ta ɗauke.
Na kwanta a tsakar gida na sake kunnawa.
Sau ɗari na ji waƙar nan a bakin salula,
ban taɓa sanin akwai saura ba:
can ƙarshe, bayan taɓarya ta tsaya,
ƙasa-ƙasa, ba da muryar waƙa ba,
ta ce, "Kashe abin nan haka, Idi.
Rakiya ta ci abinci kuwa?"

Ban ci ba, Inna.
Na tashi na hura wuta.