Rabin Hoto

A tsohuwar matsar zaitun muka sauka, mu takwas,
bayan Mirandela, inda kwalta ke ƙarewa a gindin dutse.
Bangon ya sha mai na shekara ɗari,
in ka jingina, rigarka ta tafi da ƙamshinsa.

Graciete, malamarmu, ba allo, ba alli,
sai agogon dafa ƙwai.
Ta murɗa shi ta ce: minti goma sha biyu,
ku rubuta abin da ke cikin aljihun teburin mahaifiyarku.
Kada alƙalami ya tsaya. Ko shirme ne, a ci gaba,
gaskiya ba ta fitowa sai ta ga ba a kallonta.

Ni shekara talatin da huɗu ina sayar da tikitin jirgin ƙasa,
hannuna ya san lamba, bai san "na tuna" ba.
Na rubuta: almakashi. Guntun kyandir. Maɓallan riga.
Sai rabin hoto.

A zamanin da maza ke tsallake duwatsu cikin dare
su tafi Faransa ɗaukar bulo,
akan yaga hoton mutum gida biyu,
rabi wa matarsa, rabi a aljihunsa.
In ya isa lafiya ya miƙa wa jagora nasa,
jagora ya kawo gida, a haɗa fuska, a biya ladan hanya.
Namu rabin: kunne ɗaya, ido ɗaya,
kafaɗar kwat ɗin aro.
Ɗaya rabin bai zo ba.

Da dare ake karatu, bayan miya, kusa da murhu.
Leopoldina ungozoma ta jero sunayen jariran da ta karɓa,
ta zo kan guda ta yi tari, ta tsallake.
Custódio mai gasa burodi shafi tara ya yi a kan ƙullu
don kada ya ambaci ɗansa.
Duk mun gane, babu wanda ya tona.

Daren Laraba layi ya zo kaina.
Na karanta, murya na rawa kamar gada in jirgi ya hau.
Da na kai aya, Belmiro ya ajiye cokali.
Ya ce: Idalina, wace shekara?
Na faɗa.
Ya ce: ubana jagora ne.

Itace ya fashe a murhu.
Ya ɗauki hularsa ya fita cikin ruwan sama,
muka ji motarsa tana gangara kwari.
Na ce a raina, shi ke nan, na kori bawan Allah.

Da hantsi sai ga shi, ido ja,
da gwangwanin biskit a hammata.
Rabin fuskoki arba'in da uku,
waɗanda ba a zo fansa ba,
ko aka iske gidan a kulle, ko wa ya sani.
Muka ture kofuna muka shimfiɗa su a tebur.
Na ɗora nawa a gefen kowanne,
ɗaya bayan ɗaya, har sau biyu.

Babu shi.

Belmiro ya buɗe baki, na ce bari.
Graciete ba ta ce uffan ba, ta murɗa agogon ƙwai.
Kowa ya ja rabin baƙo gabansa.
Nawa mai gashin baki ne, da tabo a haɓa,
na ba shi mata, na ba shi akuya, na ba shi ciwon haƙori.
Leopoldina ta raɗa wa nata sunan da ta tsallake.

Yau shekara biyu.
Asabar ɗin farkon wata muna haɗuwa a shagon kofi na tasha,
Custódio da burodi, Leopoldina da cuku da gyaran nahawu.
Biyu sun daina zuwa, ɗaya ta rasu.
Ina shafi na sittin, mahaifina bai ko ɗaura takalmi ba,
kuma ba mai ce mini yi sauri.
Belmiro kullum hagu da ni yake zama,
ɓangaren da hoton ba shi da fuska.
Ban taɓa tambayarsa ko da gangan ne ba.