Ruwan Kyoto, Muryar Osaka

Shekara talatin da ɗaya ina dafa awara
a ƙauyen da yau ba ya cinye rabin tukunya.
Bara aka rufe firamare.
Motar safa sau biyu take zuwa,
wata rana direba ne kaɗai fasinja.
Sumie ta ce, Tokuji, mu tashi tun ƙafa na ɗaukarmu.
Na ce, zuwa ina?
Ta ce, me ka ce?
Kunnenta na hagu ya daɗe da ajiye aiki,
na daman ma lallaɓawa yake.

Birane biyu, rabin sa'a tsakaninsu a jirgin ƙasa,
kamar wa da ƙanin da suka raba gado,
kowa na ganin shi ya ɗauko uban.

Kyoto muka fara.
Na sa kwalba a aljihu,
don mai awara ruwa yake fara gaisarwa kafin mutane.
Rijiya a bayan wani tsohon wurin bauta.
Na ɗiba, na kurɓa, na yi tsaye.
Laushi kamar tafin jariri!
Da irin wannan, waken suya zai saki madararsa ba gardama,
awarar ta fito tana rawa a faranti.

Mai gidan haya, tsohuwa Hatsue,
ta durƙusa ta zuba mana shayi kamar tana rubutu.
Ta ce kakanninta sun zo lungun nan shekara ɗari biyu,
har yanzu baƙi ake ce musu.
Ta yaba agogona sau biyu.
Na ji daɗi, har na gyara hannun riga.
Sai a tasha na gane:
cewa take mu duba lokaci, mu kama hanya.
Sumie kuwa murmushi ta yi ta yi, tana gyaɗa kai.
Ko kalma ɗaya ba ta shiga ba.
Gari ne da ake magana ƙasa-ƙasa
kada a tashi kakanni daga barci.

Osaka, ruwanta ɗanɗanon bututu.
Na tofar a kwata, ba wanda ya kula.
Kasuwa doguwa ƙarƙashin rufi ɗaya,
hayaƙin mai, ƙararrawar keke, kowa na kiran kowa.
Gaisuwar dattawansu: ana samu kuwa?
Amsa: to, da dama-dama.
Genzo mai shago ya faɗi kuɗin haya da ƙarfi,
ya ga fuskata, ya ƙyalƙyale, ya rage.
Ya ce rufin na yoyo ta can,
maƙwabci kuma na munshari, kada ka ce ban faɗa ba.

A jirgin dawowa wata mata mai riga zanen damisa
ta cusa wa Sumie alewa a hannu,
ta kwatsa mata: wannan tsohon naki, nawa kika saye shi?
Sumie ta ce, kyauta aka ba ni, kuma an cuce ni!
Ta yi dariya har da hawaye.
Shekara huɗu rabon da ta ji magana
ban maimaita mata ba.

Da dare na jera kwalabe biyu a tebur.
Na yi lissafin haya, na wake, na gawayi, na gwiwa.
Kowane lissafi Kyoto yake nunawa.
Sumie na wanke kwano tana ƙunshe dariyar ɗazu.

Ran Talata na sa wa Genzo hannu.
Shagon na maƙale da mai gyaran keke,
mun sayi bokiti saboda yoyon.
Awarata za ta yi ɗan kaushi, na sani,
masu ci ba za su sani ba.

Kwalbar Kyoto na nan a kan kanta.
Ban sha ba, ban zubar ba.
Sumie ta ce me zan yi da ita.
Na amsa a hankali,
yadda ba za ta ji ba.