Shanun Bango

Tayil na so, ba zan ɓoye ba,
fari fat, irin na gidan burodin da na gani a Dutse,
da fitila ja da kore tana ƙifta ido a bakin ƙofa.
Sai tanderu ya cinye kuɗin.
Abin da ya rage bai kai buhun fulawa biyu ba.

Ran Laraba ga Gwaggo Tabawa da sandarta,
ta zo ganin inda ɗan ƙaninta zai toya arziki.
Ta dubi bango, tsirara, toka-toka,
ta ce, "Hambali, ko akuya ka kawo nan
sai ta ƙi cin dusa."

Ta aiki yara.
Jar ƙasa daga gindin dutse,
farar ƙasa daga tsohon kududdufin bayan makaranta,
ɓawon ɗorawa ta jiƙa kwana uku
har makuba ta yi duhu kamar shayin maigadi.
Babu buroshi.
Tsumma ne da tafin hannu,
da gashin zabo in layi yana son siranta.

Shanu ta zana.
Dogayen ƙahoni, siraran ƙafafu,
irin waɗanda ta gani jikin Dutsen Mesa tana yarinya,
ranar da ta bi awaki ta ɓata
ruwa ya kore ta ƙarƙashin dutse.
Na ce, "Wa ya zana na can?"
Ta ce, "Wani mai jiran ruwa ya ɗauke.
Miƙo min ƙoƙon nan."

Gawon da iska ta kayar bara
shi ya zama kanta, ba mu kankare gaɓoɓinsa ba.
Ƙwarya ta huda da tsinke ta kifa kan ƙwan sola,
haske ya zubo ƙasa kamar an sheƙe gero.
Faya-fayai bakwai a saman taga,
ɗaya da ƙuna a gefe, ta ce a bar shi.
Reshen tsamiya da ke leƙowa ciki
na ɗauko masa gatari,
ta ce, "Ya riga ka zuwa."

Wata uku, hayaƙi ya yi aikinsa.
Jajayen shanu suka koma ruwan hanta,
garin fulawa ya kwanta a gadon bayansu,
yaran da ke ɗaukar tire suka bar yatsu biyar-biyar
a ƙasan bango, daidai tsayinsu.
Raina ya ɓaci. Na sayo soso da omo.

Ta iske ni da bokiti a hannu.
Idonta ya rage, sai ta shafa da yatsa,
ta bi ƙaho tun daga tushe har tsini,
ta shinshina.
"Da ɗanye ne," ta ce. "Yanzu suka nuna.
Kai da kake gashi ba ka san nuna ba?"

Na zubar da ruwan a gindin tsamiya.

Ran kasuwa Giɗaɗo ya shigo daga ruga,
ya jingine sanda, ya manta abin da ya kawo shi.
Yana ƙirge, leɓensa na motsi.
"Sha ɗaya," ya ce. "Ta ƙarshen nan ciki gare ta.
Kada ka bar ta kusa da wuta."
Na ba shi na ɗari biyar ban karɓi ko sisi ba.

Yanzu kafin assalatu, garin na barci,
ni da kwaɓi ne kawai, da ƙamshin yis,
da garwashi yana numfashi.
Inuwa ta motsa, ƙahoni su motsa.
Nakan ɗaga kai daga kwabar
in dubi ta ƙarshen,
ko ta haihu.