Dariyar da Ta Kuɓuce

Ni ke yage tikiti a wata ƙaramar silima a kan tudun Haifa,
shekara goma sha ɗaya ke nan.
Kafin a iso gare ni sai an bi ta hannun Zohar mai gadi,
ya leƙa jaka, ya shafa ƙugun kowa,
sannan a shiga, a zauna, a kalli
yaron da za a ɗaura wa mutuwa a ƙugu.

Daren Talata ne, ana ruwa, rabin kujerun babu kowa.
Na jingina da labule kamar kullum.
Ni ba allo nake kallo ba,
ƙeyoyin mutane nake karantawa.

A allon, yaron yana karin kumallo.
Uwarsa ta tura masa zaitun, ta ce ya rame.
Sai Tirza mai koyar da piyano ta miƙe a layi na huɗu:
"Kun ba shi uwa!
Wa ya ce ku ba shi uwa?"
Ta fice, lemarta na jan ƙasa.
Wani ya ja tsaki.
Wani ya tafa sau biyu, ya ji shi kaɗai ne, ya bari.

Sojoji biyu da suka zo hutu
sun daina taunar gugguru.
Can baya Suhaila ma'aikaciyar jinya ta nutse a kujera.
Ita kaɗai ba ta bukatar rubutun ƙasan allo,
ita kaɗai ke fatan da ba ta jin yaren.

Amnon yana bakin hanya, hularsa a gwiwa.
Duk unguwa an san zancen 'yarsa Nurit,
da bas ɗin safe,
da abin da aka tattaro aka ba shi ya binne.
Ban san me ya kawo shi ba.
Na yage tikitinsa ban ɗago ido ba.

To, yaron ya kama hanya,
wata mage ta biyo shi.
Ya kore ta, ta dawo.
Ya buga ƙafa, ta zauna tana lasar hannu.
Ya durƙusa yana roƙonta don girman Allah ta koma gida.

Nan dariya ta kuɓuce wa Amnon.
Guda ɗaya, gajera, kamar tari.
Ya kai hannu ya toshe baki,
amma kibiya ta riga ta bar baka.

Da fitilu suka dawo
kowa ya duƙufa neman maɓallin rigarsa.
Babu mai duban wani.
Shi bai tashi ba sai da na zo da tsintsiya.

"Kin ji?" in ji shi.
Na ce ruwa ake kan rufi, ban ji komai ba.
Ya juya hular, ya sake juya ta.
"Haka take magana da mage," in ji shi. "Haka ɗin nan."

Ina kulle ƙofa na hango shi a tasha.
Bas ta zo, ta buɗe, ta jira, ta tafi.
Ta biyu ma haka.