Baƙuwar Wuƙa a Kasuwar Kurmi

Ni jikan Inuwa Mai-masaba ne,
rumfata na layin tsofaffin kaya a Kurmi,
tsakanin mai tandu da mai tasoshin tagulla.
Miƙo mini takobi, ko da idona a rufe,
in shafa ƙota in gaya maka garinsu.
Wannan na Buzaye ne, ga kwari uku a gadon bayansa.
Wannan barho daga gabas ta zo, kubenta ya faɗa.
Wancan kuwa shekaranjiya aka ƙera shi da sifirin mota,
aka binne shi a gindin randa don ya ari tsatsar tsufa.
Ba a yi mini ƙarya da ƙarfe.

Sai ita.
A ƙasan adakar Baba na same ta, cikin tsumman rawani.
Ba ta miƙe ba kamar sauran wuƙaƙe,
tafiya take irin ta maciji a kan rairayi.
Na ƙirga lanƙwasarta, tara. Na sake, tara.
Ƙotarta ta sunkuya kamar tsoho mai gaisuwa,
itacen ba maɗaci ba ne, ba ƙirya ba,
hancina bai san ƙanshinsa ba.

Na kai wa Tanimu, wanda gashin hannunsa ya ƙare a bakin wuta.
Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kara kunne.
Ya matsa mata lemon tsami, muka jira.
Sai ga ruwa ya taso a cikin ƙarfe,
fari da baƙi suna bin juna
kamar turmin shuni da aka motsa a Ƙofar Mata.
Ya ce, wanda ya yi wannan ninke ƙarfe ya yi ta yi
kamar mai naɗin tabarma,
kuma ba sauri yake yi ba.
Daga nan ya yi shiru. Tanimu ba ya yin shiru.

Wani baƙo mai tabarau ya ce sunanta kiris,
daga tsibiran Jawa ko na maƙwabtansu,
inda ake wanke wuƙa kamar jariri
kuma ba a son lanƙwasarta ta faɗo cif-cif.
Ya auna ta da zare, ya ɗauki hoto,
ya taya kuɗin da zai sake mini rufin ɗaki.
Na ce albarka.
Ya ƙara. Na ce albarka, na mayar da ita kube.

Goggo Dije ce ta warware mini, tana ɓare gyaɗa.
Shekarar da Inuwa ya sauke farali, in ji ta,
zazzaɓi ya kayar da shi a Jidda.
Wani ɗan guntun mutum ya yi ta ba shi ruwan shinkafa
kwana goma sha ɗaya,
babu wanda ke jin bakin wani, sai salati.
Ranar rabuwa kowa ya laluba ƙugunsa.
Abin da suke da shi ke nan.

To, ashe akwai tamu a can.
Wata wuƙa miƙaƙƙiya, ƙirar bayan Dala,
kubenta jar fata, ɗinkin dukawan garin nan,
tana kwance a wani gida da teku ke yi wa minshari.
Wataƙila yanzu haka wani jika ya zare ta,
yana neman lanƙwasa bai samu ba,
yana shinshina fatar, yana tambayar tsohuwarsu
wane irin mutane ne ba sa lanƙwasa ƙarfe.

An kira la'asar a masallacin 'yan goro.
Na shafa mata man ja kaɗan, don ban san abin da ta saba da shi ba.
Na rufe adaka.