Gaba Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ina haƙar rijiya,
daga Daura zuwa Sandamu, har bakin Zango,
igiya a ƙugu, dagi a hannu,
in ɗaga kai in ga sama ta koma bakin tulu.
Ban zaci a gidana za a ba ni labarin zurfi ba.

Sai ga Hassatu, autata,
wadda tana ƙarama ko randa ba ta leƙawa,
ta dawo hutu daga karatu a gaɓar Bahar Maliya,
rana ta bar mata shatin gilashi a fuska.
Bayan isha'i ta zauna a gefen tabarmata,
ta ce, "Baba, na shiga jirgin da ya nutse."
Uwarta ta saki ludayi a cikin fura, ta yi salati.

Na ce, "Gaba nawa?"
Ta ce, "Bakwai."
Na yi dariya, rijiyar bayan kasuwa ma sha biyu ce.

Ta ce, tukunyar iska ake goyawa kamar jariri,
roba a baki, darma a ɗamara,
takalmi mai faɗi irin ƙafar agwagwa.
Can ƙasa ba ka jin kowa sai numfashinka,
yana fita kumfa-kumfa, yana riga ka hawa.

Ta ce jirgin na kwance a kan haƙarƙarinsa
kamar raƙumin da ya ƙi tashi.
Siminti ya ɗauko, buhunan sun daskare sun zama duwatsu,
har yau da sawun ɗinki a jikinsu.
Murjani ya tsiro inda matuƙi ke tsayawa,
kifaye masu launin atamfa
na shiga ta taga, suna fita ta ƙofa,
babu sallama, ai gidan ubansu ne.

Na ce, "To, me kika ɗauko?"
Don ni ban taɓa fitowa hannu rabbana ba:
guga, wasaki, butar liman, zoben wata amarya,
sau biyu ma akuya da ranta.

Ta ce, "Ba a ɗauka. Hukuma ta killace wurin.
Ba a jefa koma, ba a sakin anga, ba a taɓawa.
Na ga kofin shayi a kan yashi, ko mariƙinsa bai karye ba.
Na miƙa hannu, malaminmu ya kaɗa yatsa.
Da na duba da kyau,
ashe wani ɗan kifi ne ya yi ɗaki a ciki."

Na yi shiru.
Sallau ne ya faɗo mini, ƙanena.
Muna gaba tara ƙasa ta motsa,
ni aka fara ja, shi yana riƙe da dagi.
Kwana uku muna tono, yashi na mayar mana da aiki,
har dattawa suka ce a bari haka.
Daga sama muka yi masa salla, muka cike ramin.
Magarya ce yanzu a wurin.
Shekara ashirin ina sake hanya don kada in gan ta.

Na ce, "Yaya ake fitowa?"
Ta ce, "A hankali, Baba.
Kafin ka kai sama sai ka tsaya, ka rataye a ruwa,
minti uku kana numfashi kawai.
Wanda ya hau da gaggawa
zurfin na biyo shi a cikin jini."

Ta tashi ta shiga ɗaki.
Uwarta ta tsamo ludayin.

Da asuba na bi tsohuwar hanya.
Magaryar ta yi 'ya'ya, wasu sun zuba,
ɓaure na ta kai da kawo a reshe,
sawun yara ko'ina a gindinta.
Na tsaya, ban ƙirga minti ba.
Na sunkuya zan tsinci ɗaya,
sai na mayar da hannuna aljihu.